Waya a Kan Burtali

Safiyar Talatar ta fara kamar kowace safiya ta kaka. Na tashi da kiran assalatu, na bi Baba masallaci. Da muka dawo Inna ta riga ta hura wuta tana ɗumamen tuwo. Baba ya kife turmi ya zauna a kai, yana wasa magirbinsa a dutse. Dawa ta sunkuyar da kai a gonaki, amma ba ta gama bushewa ba. Ni kuma aikina na ranar gyaran jinkar rumbu ne, don gara ta ci rabinta. Sautin da nake tunawa ke nan: ƙarfe a kan dutse, da kukan kurciya a kan darbejiya.

Zan faɗi abin da na gani da idona. Inda ji na yi, zan ce ji na yi. Na lura waɗanda suka fi kowa sanin abin da ya same mu su ne waɗanda ba su taɓa taka unguwarmu ba. Ni ba zan iya gasa da su ba.

Unguwar Rairayi ake kiran wurin. Tana bakin wani mayo, wato kogi a bakin mutanen yankin, kudu da Mubi, in ka wuce Mugulbu ka saki kwalta. Ba mu muka raɗa mata sunan ba. Mutanen yankin ne suka sa, saboda daga arewacin Yobe iyayenmu suka zo, lokacin da rairayi ya binne gonakinsu ya fara shiga ɗakuna. Ina ƙarami aka ɗauko ni. Abin da ya rage a kaina na garinmu na asali shi ne rijiyar da kullum ake ƙara wa guganta igiya. Jauron lokacin, wato mai garin yankin, ya ba iyayenmu bakin mayo ne don ba mai so. Sauro ne da ambaliya. Daga baya wasu suka sauko daga duwatsun Michika, ruwa ya wanke musu ƙasar noma ya bar musu tsakuwa. A cikinsu akwai maƙwabciyarmu Mama Kwanye, wadda mijinta ya rasu, take riƙon jikarta. Danga ɗaya ce tsakaninmu. Ta samanta ake miƙa gishiri da garwashi da tsegumi.

A tsallaken mayo akwai rugar Ardo Sale. Kowace shekara da kaka sukan sauka, su jira a gama girbi, sannan a saki shanu cikin kara, su ci su bar mana taki. Baba Bamange ne, don haka akwai wasan ƙabila tsakaninsa da Ardo. Ardo ba ya kiransa da suna, sai "bawana". Baba kuma ya ce masa, "Kai da ba ka da ɗakin da zai kai shekara, da me ka saye ni?"

Akwai kuma wata al'ada da ban taɓa ganin an karya ba tun da na yi wayo. Ruga ba ta tashi sai Ardo ya tsallako ya yi ban kwana. Zai zo da ƙwaryar man shanu, a ba shi damin dawa, a yafe wa juna ɓarnar shekara, a shafa fatiha. Sai washegari su ɗaura kaya. A wurinmu, wanda ya tashi ba ban kwana ya tafi da magana a cikinsa.

Tsakanin unguwa da kwalta akwai burtali. Ta nan shanu suke bi zuwa mashaya, ta nan muke bi zuwa kasuwa. Ta nan aka kai ni makaranta, ta nan ake fita da mara lafiya. Ƙafar kowane tsoho ta san shi ko da ido a rufe.

Sai damina ta canza hali. Ta makara, ta yi fashi a tsakiya, ta zubo gaba ɗaya a ƙarshe. Na karanta ilimin ƙasa a jami'a, na san sunayen da ake ba wannan a littafi, amma ba sunan ne ya dame mu ba. Da gonar tudu ta daina cika rumbu, sai bakin mayo ya yi daraja. Wurin sauro ya zama wurin noman rani. Motoci masu baƙin gilashi suka fara zuwa kallon ƙasa. Mutanen da ba su san dawa ba sai a cikin kwano suka zama manyan manoma.

Ɗaya daga cikinsu ya sayi filin da ke tsakaninmu da kwalta. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma ba don ina ganin girmansa ba. Mu mai waya muke ce masa. Ban taɓa ganin ƙafarsa a ƙasa ba. Gilashi yake saukewa ya yi nuni da yatsa. Ya kafa turakun siminti, ya ja waya mai ƙaya layi-layi, ta ratsa burtali ta wuce. Wa ya sayar masa da burtali, ban sani ba. An ce da takarda ya saya. Wataƙila. Ban taɓa jin burtali yana da mai shi ba, amma ni ba lauya ba ne. Daga lokacin, in za mu kasuwa sai mu zagaya ta arewa, ta bayan dutse, tafiyar da ta ninka ta da. Shanu kuwa ba su da wurin zagayawa sai gefen gonakinmu.

A shekarar da nake magana ruwa ya makara sosai, shuka ta makara. Ciyawar arewa kuma ta bushe da wuri, shanu suka sauko da wuri. Suka iske dawa a tsaye, burtali a rufe. An yi ɓarna. An yi zage-zage. An cinye wa wani wakensa tas, an fasa wa wani makiyayi kai. Sai aka kafa kwamitin sulhu a gari. Na je zaman sau ɗaya a madadin Baba. An raba lemon kwalba. Shugaban kwamitin, wani mai babbar riga da turare, ya yi mana wa'azin haƙuri, ya ce manomi da makiyayi Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Na ɗaga hannu, na tambaya cikin ladabi ko za a duba maganar wayar. Ya yi murmushi ya ce wannan ba ta cikin ajanda. Aka sa Ardo da limaminmu suka riƙe hannun juna, aka ɗauki hoto. Ina jin hoton ya yi kyau.

Wajen hantsi na Talatar nan Mama Kwanye ta leƙo ta saman danga da kwano a hannu.

"Maman Isiyaku, mai nono bai zo gidanku ba?"

"Ba ta zo ba," in ji Inna.

"To yau lafiya? Rana ya yi haka, ko kukan saniya ban ji ba."

Baba ya daina wasa magirbi. Muka saurara. Gaskiyarta. Kullum war haka akan ji marukan suna kuka, akan ji mata suna kaɗa nono. Ranar shiru.

Na sauko daga kan rumbu, muka je bakin mayo ni da Baba. Rugar ba kowa. Bukkoki suna tsaye. An bar tabarmi a shimfiɗe, an bar ƙore a kife, toka tana ɗan hayaƙi. Sawun shanu ya yi kudu, wajen Belel.

Baba ya daɗe yana kallo. "Bai yi ban kwana ba," ya ce.

Kafin mu dawo labari ya gama unguwa. Aka taru a ƙofar masallaci, Musulmi da Kirista. Fassara ɗaya kowa ya yi: sun kwashe mata da yara da dukiya ne don mazan su dawo su afka mana. Mai shirin faɗa ne yake tashi ba sallama. Tabarmin da aka bari a shimfiɗe sun tsaya mini a rai. Na fara cewa, "Wataƙila dai..." Wani ya ce, "Malam Wataƙila, bari manya su gama." Aka yi dariya. Ni ma ban tabbata da komai ba.

Aka yanke cewa duk namiji mai ƙarfi ya ɗauki abin da yake da shi ya je mashigin mayo, ya fuskanci ruga. Suka tafi da sanduna da adduna da bakan farauta. Unguwa ta rage tsofaffi da mata da yara. Baba ya hana ni zuwa.

"Kai da ko kaza ba ka iya yankawa daidai ba? Koma kan rumbu."

Ina kan rumbu na ji. Sha ɗaya ta ɗan wuce. Ƙarar babura ce, da yawa, kuma ba daga mayo ba. Daga arewa take, ta bayan dutse, hanyar da muke zagayawa. Na hango ƙura, sannan na hango su. Bibbiyu a kan kowane babur. Sun naɗe fuska. Ban ƙirga su ba.

Harbin farko ya yi kamar an fasa busasshen gora. Na biyu ya biyo. Daga nan ba a rarrabewa. Jinkar gidan farko ta kama. Kaji suka tashi sama. Wata mata tana kiran sunan ɗanta, suna ɗaya, ba tsayawa.

"Ku fita! Ku fita! Kowa ya bar nan!"

Da Hausa suke ihun, irin Hausar da kowa yake yi a Mubi. An sha tambayata wace ƙabila ce. Ban sani ba. Wanda ya ce yana gane ƙabilar mutum ta cikin rawani da hayaƙi, ya fi ni ido.

Na diro. Baba yana tsaye a tsakar gida da magirbi a hannu. Inna tana ƙoƙarin kwance akuya.

"Bar ta!" ya daka mata tsawa.

Muka fita ta bayan gida. Mama Kwanye ta ɓullo da jikarta a goye, ba takalmi.

Ba wanda ya ce a bi burtali. Ƙafa ce ta bi. Arewa akwai babura. Gabas akwai mayo, inda muka yi imani abokan gaba suke. Saura yamma, hanyar da kowa ya sani tun yana goye. Na san da wayar. Kowa ya san da ita. Amma a cikin gudu mutum ba ya tuna abin da aka kafa bara, abin da ya saba yake tunawa.

Inna ciwon gwiwa ke damunta. Na riƙe ta a gefe ɗaya, Baba a ɗaya gefen. Hayaƙi ya riga mu gaba. Muka isa wayar muka iske mutane sun taru a jikinta kamar kifi a koma. Wasu suna hawa, ƙaya tana kama riga da nama. Wata ta miƙa jaririnta ta sama, wani ya karɓa a ciki. Yara suna kutsawa ta ƙasa suna barin fatar baya. A bayanmu harbi yana matsowa. Wuta ta shiga gonaki, zangarniya tana fashewa kamar gugguru.

Baba ya sa ƙotar magirbi a ƙarƙashin layin ƙasa, ya ɗaga, ya tokare da kafaɗa.

"Mata tukuna! Ku kwanta! Ku ja ciki!"

Mama Kwanye ta kwance goyo, ta tura yarinyar, ta bi ta. Wasu suka bi. Na shiga na jawo Inna ta hannuwa, zanenta ya tsage har gwiwa. Baba yana nan, ƙaya ta shige masa kafaɗa, yana cewa, "Saura wa? Saura wa?"

Babur biyu suka fito bakin burtali. Ba su matso ba. Suka tsaya suka yi harbi cikin taron, kamar mai korar tsuntsu daga gona. Na ga Baba ya zauna. Haka kawai, ya zauna, wayar ta sauko a kansa.

Na jawo shi ta ƙasa. A cinya ne, sama sosai. Na cire rigata na ɗaure, jini ya ratso kafin in gama ƙulli. Baburan suka juya. Ba su tsallako ba. Ba su yanke wayar ba, ba su sa wa komai na cikinta wuta ba. Wannan abin da na gani ne. Ban ce yana nufin wani abu ba.

Na goya shi. Tarakta ta kafce gonar, ƙafa tana nutsewa. Ban san faɗinta ba sai ranar. Inna tana bayanmu, ta yi taku kaɗan ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa. Mutane suna wuce mu. Ban ga laifinsu ba. Jinin Baba yana bin bayana yana shiga wandona, da ɗumi. A tsakiyar gonar akwai wata tsamiya, ita kaɗai aka bari cikin itatuwan burtali. Da muka kai gindinta Inna ta faɗi, ba ta tashi ba.

"Sauke ni," in ji Baba.

"Baba, saura kaɗan."

"Ƙarya kake. Na fi ka sanin hanyar nan. Sauke ni, ka kai uwarka titi, ka dawo da mutane."

"Ba zan iya..."

"Jami'ar ce ta koya maka musu da ubanka? Ina nan. Ina za ni da wannan ƙafa?"

Na jingina shi da tsamiya. Inna ta ce ita ba inda za ta. Ya dube ta ya ce, "Hauwa, tashi." Ban taɓa jin ya kama sunanta ba sai ranar. Ta tashi. Na goya ta. Ana kiran azahar a wani ƙauye can nesa lokacin da muka bar shi.

A ɗaya gefen gonar, wajen kwalta, akwai ƙofar ƙarfe. A kulle take. Mai gadin gonar yana waje da makullai a hannu, yana kallonmu ta tsakanin sanduna. Mutane suna roƙo, suna ɗaga masa yara ya gani.

"Oga bai ce in buɗe ba."

"Ogan naka shi ya halicce ka?" in ji Mama Kwanye. "Ka ga jini, ka ga yara, kana ce mini oga? Buɗe, ɗan banza!"

"Mama, aikina ne. In aka kore ni, ke za ki ciyar da ni?"

Tsofaffi da mata ne suka kama ƙofar suka girgiza ta har ta fice daga gindinta ta faɗi. Mai gadi ya koma gefe da salula a kunne. Na ji abin da yake faɗa. Rahoton ƙofa yake bayarwa.

A bakin kwalta na sauke Inna. Nan na ga abin da har yau ban manta ba. Matan ruga ne zaune a inuwa da yaransu, ƙafafu a kumbure. A cikinsu akwai Dija, matar Ardo, mai kawo mana nono. Ta ga Inna, ta miƙe, ta rufe baki da hannu. Abin da zan faɗa yanzu daga bakinta na ji. Jiya da almuru wasu masu naɗaɗɗiyar fuska sun je rugar a ƙafa. Sun sare agarar shanu biyu a gabansu, sun ce kada rana ta fito ta same su. Mazan suka kora dabbobi kudu. Matan suka bi daji suka fito titi. Ardo ya so ya tsallako wurinmu, aka gaya masa akwai masu jira a mashigi, duk wanda ya sa ƙafa a ruwa ba zai kai tsallake ba.

Inna ta zauna kusa da ita. Samarinmu sun shafe safiya a bakin mayo, sun juya wa gidajensu baya, suna gadin bukkokin da ba kowa.

Na nemi maza biyu da za su koma da ni. Kafin mu shiga, motocin jami'an tsaro suka iso da jiniya, bayan komai ya lafa. Suka gitta katako mai ƙusa a titi, suka tsaya a bakin ƙofar da aka kayar.

"Ba shiga!"

Na ce mahaifina yana ciki, an harbe shi, ga kan tsamiyar can ana hangowa. Na faɗa da Hausa. Na sake faɗa da Turanci, ko Turancin zai sa a ɗauke ni mutum.

"Mun ce ba shiga. Ana bincike. Kai za ka koya mana aiki?"

Na roƙe su su shiga da kansu. Ɗaya ya ce sai an ba da umarni daga sama. Ina tsaye na ga an bar mutum biyu sun wuce da kayan walda. Ƙofa za su gyara.

Na gwada zagayawa ta jikin wayar, ta kudu. Wani ya ɗana bindiga ya ce in na ƙara matsawa za a sa ni cikin maharan. Na dawo. La'asar ta yi ina bakin titi. Harbi ya daɗe da tsayawa. Ba abin da ake ji sai kukan yara da ƙarar injin walda.

Da yamma aka loda mu a tipa aka kai mu wata makarantar firamare a cikin Mubi. Na zagaya tasha ina neman mai keke ko mai mota. Duk wanda na faɗa wa wurin sai ya girgiza kai. Na kama hanya a ƙafa, aka mayar da ni daga shingen farko na bakin gari. Na koma makarantar. Inna ta ga ni kaɗai na shigo ajin, ta juya fuskarta bango.

Washegari da safe kwamitin sulhu ya iso, buhunan shinkafa a bayan mota, masu ɗaukar hoto a gaba. Aka jera mu. Shugaban ya sake wata babbar rigar. Ya ce abin takaici ne wannan rikici na manoma da makiyaya. Dija tana zaune a gabansa tana tsefe wa jikar Mama Kwanye kai, amma ina jin daga kan dandamali ba a gani sosai. Ya ce wani bawan Allah da ba ya son a faɗi sunansa ne ya ba da shinkafar. Sannan ya faɗi sunan. Mai waya ne. Aka yi tafi. Ya ƙara da cewa mu zauna mu yi tunani ko bakin mayo wurin zama ne, ganin yadda ambaliya take ƙaruwa. Ya ce don lafiyarmu yake faɗa.

Na tsaya a gaban motarsa har ya sauke gilashi. Na ce mahaifina yana cikin gonar tun jiya da harbi a cinya.

"Subhanallahi! Me ya sa ba ku faɗa da wuri ba?"

Ya yi kira ɗaya a salula. Kira ɗaya. Aka ce an buɗe hanya.

Muka tafi ni da liman da samari biyu. Rana ta take lokacin da muka isa. Ƙofar tana tsaye daram, da sabon kwaɗo. Mai gadin jiya ne. Ya buɗe ba musu, don yau oga ya ce. A ciki injin ban ruwa yana ta bugawa. Leburori suna aiki, ruwa yana gudu a lambatu yana sheƙi.

Baba yana gindin tsamiya, amma ba inda na jingina shi ba. Ya koma ɗaya gefen. A ƙasa akwai sawun jan jiki, ya bi inuwa yadda ta juya. Wannan ya nuna mini ya kai la'asar da rai, wataƙila ya wuce. Ya kwanta a gefen dama, fuskarsa gabas. An rufa masa buhun taki. Daga inda yake zuwa lambatun farko, ko yaro zai jefa dutse ya kai.

Wani lebura ya matso ya ce shi ya rufa buhun da safe. Ya ce jiya da yamma sun ji kamar ana kiran ruwa, amma an gaya musu kowa ya zauna a ɗakin inji, kada a taɓa komai sai masu bincike sun zo. Ko gaskiya ya faɗa, ban sani ba. Ban tambaye shi ko ya ji an kira wani suna ba.

Muka naɗe shi a tabarma muka ɗauka. Mai gadi ya biyo mu da sauri.

"Don Allah, Malam, ku bi ta gefe. An zuba irin albasa a fangalin nan."

Liman ya tsaya ya dube shi. Ni ban iya dubansa ba. Muka bi ta gefe. Ba mu taka komai ba.

An binne shi a Mubi bayan la'asar, tare da wasu huɗu na unguwarmu. Mutanen Mama Kwanye suka kai nasu biyu maƙabartar coci. A iya sanina ba a kama kowa ba. Da na koma bayan watanni, wayar ta matso har bakin mayo, a tsallake ma haka. Ba unguwa, ba ruga. Ban ce wani ya shirya hakan ba. Na ce dai haka na gani.

Yanzu muna ɗakin haya a Wuro Patuji, cikin Mubi, ni da Inna. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, ita tana gyaran wake a ƙofar gida ana biyanta da kwano. Ƙaurarta ta biyu ke nan. A ta farko ta taho da miji, da ɗa, da akuya uku, da buhun iri. A ta biyu, ɗan kawai.